Layin Inno a Bidjen Rashid

Rashid ya juya kwamfutar ta fuskanci mahaifiyarsa, ya ɗora yatsa a kan lambar, ya ɗan ja baya don ta samu wurin yin mamaki.

"Dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu, Hajiya. Mutanen da suka kalli tallarmu ke nan cikin mako uku."

Hajiya Gana ba ta dubi kwamfutar ba. Kantocin butik ɗin take kallo, inda kwalaben humra ɗari uku suke jere tun farkon wata, kowace da sabuwar takarda mai ruwan zinare da aka rubuta sunanta a Faransanci.

"Nawa suka saya?"

"Ba haka ake auna shi ba. Da farko sai an san ka, sannan..."

"Huɗu," in ji Raudatu daga bayan kanta, ba ta ko ɗago daga shara ba. "Ɗaya ma bashi ce."

Rashid ya yi wa ƙanwar tasa kallon da yake yi wa duk wanda bai wuce aji huɗu na kwaleji ba. Shi shekara biyar ya yi a Yamai yana karanta ilimin talla, ya dawo Damagaram da takardar shaida a cikin firam, da tabarau marar magani, da tabbacin cewa duk abin da aka yi a gidansu kafin ya dawo kuskure ne da Allah ya rufa wa asiri. Shekara biyu babu ofishin da ya neme shi. Ya zauna a fadar samari ta ƙofar gida yana shan shayi yana bayyana wa masu kabu-kabu dalilin da ya sa ƙasar ba ta ci gaba, har Hajiya ta gaji da ganinsa a kan benci ta ba shi mabuɗin butik, da kuɗin adashinta jikka ɗari da hamsin, da sharaɗi guda: wata ɗaya. In kaya ba su motsa ba, mabuɗi ya koma hannun Raudatu, shi kuma ya koma bencinsa. Watan zai cika gobe Juma'a.

Abin da ya fara yi da ya karɓi mabuɗin shi ne bidje, wato kasafin kuɗi. Kwana biyu ya yi yana tsara shi, kuma a gaskiya ya yi kyau, har da launuka. Jikka saba'in na biyan talla a Fesbuk. Ashirin da biyar na intanet. Ashirin na wata fitila mai kama da zobe wadda ake ɗaukar hoto a gabanta. Sauran sun tafi wajen takardun kwalba da allon ƙofa. Da ya zo kan tsoffin kashe-kashen butik, sai ya tarar da wani abu a littafin Raudatu: "Inno, kwalba ɗaya duk wata. Inno, jikka biyu kowane biki." Ya tambaya me Inno take sayarwa, aka ce ba komai. Me take sayowa, aka ce ba komai. Ya buɗe sabon layi, ya sa masa suna Asara, ya saka Inno a ciki, ya ja jan layi a kanta. Da ta zo karɓar kwalbarta a farkon wata, shi da kansa ya yi mata bayani cewa zamani ya canja, yanzu waya ke kawo ciniki. Tsohuwar ta saurare shi har ƙarshe, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta gyara mayafi ta tafi.

Inno ita ce mai gyaran amare. Shekara talatin babu yarinyar gidan arziki a Birni ko Zango da aka kai ɗakin miji ba ta bi ta hannunta ba: lalle, dilka, turare. In ta ce wa uwar amarya humrar wance za a saya, ta wance za a saya, ko da kuwa ta fi ta kowa tsada. Rashid ya san wannan, kamar yadda ya san akwai rijiya a bayan gida. Bai taɓa ɗaukar sa a matsayin ilimi ba, tunda babu malamin da ya rubuta shi a allo.

"Jibi Asabar bikin gidan Alhaji Salisu ne," in ji Hajiya. "'Yan mata uku rana ɗaya. Duk bikin gidan nan kwalba sittin suke ɗauka, tun kana goye. Yau Alhamis, ban ga Inno ba, ban ga ɗan aike ba. Ka tashi ka je gidanta a Kara-Kara ka ba ta haƙuri."

"Hajiya, ni zan je in roƙi mai lalle?"

"Mai lallen ta yi wa uwarka lalle. Ɗauki kwalba biyu, da ta watan nan da ta kunya."

Ya hau kabu-kabu da kwalaben a aljihun riga, yana riƙe da tabarau kada iska ta ɗauke. Duk tsawon hanya yana duba waya. Lambar ta ƙaru da tamanin tun da ya bar butik. Wani daga Abijan ya rubuta cewa abin ya burge shi. Wata daga Maraɗi ta sa hoton zuciya har uku. Wata kuma ta tambaya, "Ruwan tsamiyar mai ɗumi ne ko mai sanyi?" Ya amsa mata nan take, mai ɗumi, don an koya masa cewa ba a barin mai tambaya ya jira.

Bidiyon tallar nan shi ne abin da ya fi alfahari da shi a rayuwarsa. Hajiya tana haɗa humra ne a ƙuryar ɗaki, ƙofa a rufe. Haɗin na kakarta ne, daga Barno aka zo da shi, kuma ba a nuna wa 'ya mace sai ta yi aure ta haihu, kada ta kai shi gidan wasu tun ba ta san darajarsa ba. Raudatu kanta, da take wuni a butik, ba ta taɓa ganin cikin tukunyar ba. Amma Rashid namiji ne. Namiji a ɗakin humra kamar kyanwa yake, yana iya shiga ya zauna, ba abin da zai gane. Saboda haka ranar da ya shiga ya jingina da bango yana riƙe da waya, Hajiya ba ta ko kula ba, tunda ba ta taɓa ganinsa ba tare da ita a hannu ba. Minti goma sha ɗaya ya ɗauka. Ya rage shi zuwa uku, ya sa kiɗa mai taushi, sannan ya rubuta sunan kowane abu da awonsa a ƙasa, da Hausa da Faransanci, saboda a shekara ta huɗu an koya musu cewa mai saye na zamani yana son ya ga gaskiyar abin da yake saye. Hajiya wayarta mai maɓalli ce. Raudatu kuwa ya hana ta shiga shafin, ya ce ba fanninta ba ne.

Tun daga zauren gidan Inno ya ji ƙamshin. Ya tsaya, ya taɓa aljihu ko kwalba ce ta fashe. Lafiyarsu lau.

A tsakar gida 'yan mata uku na zaune a kan tabarma, ƙafafu a naɗe cikin leda, lalle yana kamawa. A gefe, ƙarƙashin rumfa, kwalabe ne jere a kan faranti, irin waɗanda ake sayowa a kasuwar Dole, babu takarda, babu ruwan zinare. Bai ƙirga ba, amma ido ya gaya masa za su kai sittin.

"Lale, lale! Ga angona!" Inno ta taso tana tafa hannu. Ƙawar kakarsa ce, tun yana yawo ba wando take kiransa mijinta. "'Yan mata, ku rufe fuska, maigida ya zo. Ka ga yadda ka rame? Karatun ne ko rowar abinci?"

Ya durƙusa rabi, kamar wanda gwiwarsa ke ciwo, ya gaishe ta. Ya fito da kwalaben ya ajiye a gabanta, ya fara jawabin da ya shirya a kan babur, wanda a cikinsa babu kalmar haƙuri amma akwai "sake duba tsari" sau biyu.

"Mai da su, mai da su," ta ce. "Ni da zan zo in yi maka godiya? Ƙafa ce ta hana ni."

"Godiyar me, Inno?"

Ta zaro waya daga ƙugun zani, babba, ta fi tasa, gilashin a tsage. Ta miƙa wa ɗaya daga cikin amaren ta ce ta nemo mata abin nan. Kiɗan mai taushi ya tashi. Ga hannayen Hajiya Gana a cikin tukunya.

"Shekara talatin ina shinshina humrar uwarka," in ji Inno. "Sandal na gane, kajiji na gane, miski da kanumfari ko yaro ya gane. Amma farcen turaren nan! Kowa ya soya farce sai ya yi ƙauri, nata ba ya yi. Na roƙe ta, na yi mata fushi, na aika mata da kaza. Ranar da aka haife ka ni na yi mata wankan jego, na ce yau dai za ta faɗa, ta ce in bari ta warke. Ashe kwana uku ake jiƙa shi a ruwan tsamiya. Tsamiya! Ga ta nan a bayan gidana tana zuba, awaki na ci."

'Yan matan suka yi dariya a cikin mayafi.

"Wannan... ai talla ce," in ji Rashid. "Don a saya aka yi."

"To ai an saya. Uwar yaran nan ta shinshina ta ce wallahi ta Gana ce. Na ce mata ƙanwarta ce, kuma rabin kuɗi." Ta karkata kai ta dube shi da tausayi na gaske, wanda ya fi zagi ciwo. "An ce har biya ka yi don ya iso wayata. Da gaske ne? Nawa?"

Ya fito da tasa wayar, ya shiga shafin ya goge bidiyon.

"Kada ka wahalar da kanka, angona. Yana cikin Watsaf ɗin matan unguwa, da na masu lalle, da na 'yan adashi. Zuliha ta Tirmini ma ta kira ni jiya tana tambaya ko tsamiyar ɗanya ce." Ta sunkuya ta zaɓi kwalba guda daga farantin, ta goge ta da gefen zani, ta cusa masa a aljihu tare da biyun da ya zo da su. "Riƙe. Haka ake yi a sana'ar nan, uwarka ce ta koya mini. Wanda ya kawo maka ciniki, kwalba ɗaya duk wata. Farkon wata ka zo ka karɓa, ko ka aiko."

Bai hau kabu-kabu ba a komowa. Ya taka da ƙafa cikin rana, yana shirya yadda zai faɗa. Kafin ya kai Birni ya samo kalmomi masu kyau guda uku, duka na Faransanci.

Bai samu damar amfani da ko ɗaya ba. Yana shiga butik Hajiya ta ɗaga hanci. Ta kama hannun rigarsa ta shinshina, ta sa hannu a aljihunsa ta fito da kwalbar da ba ta da takarda. Ta buɗe, ta ɗiga a bayan hannu, ta jira, ta sake shinshinawa.

"Haɗina ne," ta ce a hankali. "Hannun ne ba nawa ba. Ta yi gaggawar sauke farcen." Ta dube shi. "Wa ya gaya mata?"

Bidiyon yana nan a kwamfuta. Ya kunna mata. Raudatu ta matso, Hajiya ta ce ta juya baya, sannan ta yi wata gajeriyar dariya ta ce ta bari, ta kalla, ai ita kaɗai ta rage a Damagaram ba ta gani ba. Suka kalla su uku har ƙarshe, minti uku cif, da kiɗan da awon da komai. Hajiya ba ta taɓa ganin hannayenta daga waje ba. Ta dube su a allon, ta dube su a cinyarta.

"Mutum nawa ka ce da safe?"

"Dubu arba'in da ɗaya."

"Da kuɗin adashina."

"Jikka saba'in ne kawai suka tafi nan. Sauran..."

Ta miƙa tafin hannu. Ya ɗan tsaya, yana tunanin tuna mata cewa watan sai gobe zai cika, sannan ya ciro mabuɗin ya saka mata. Ba ta riƙe shi ba, ta miƙa wa Raudatu ta gefe, kamar mai miƙa canji.

Ya naɗe wayar kwamfutar, ya saka ta a jaka, ya ɗauki fitilar mai zobe ya rasa inda zai sa ta, ya rataya ta a hannu. Daga ƙofa ana hango bencin fada, an riga an ɗora shayi. Ya kai bakin ƙofa Hajiya ta kira shi.

"Ka manta kwalbarka."

"Ki bar ta, Hajiya."

"A'a, ɗauki abinka," ta ce, tana turo ta a kan kanta da yatsa ɗaya. "Guminka ne. Tun da ka dawo daga Yamai, yau ne aka fara biyanka."