Alƙalamin Auta a Hannun Mai Agogo

Ƙarfe goma da 'yan mintuna na safe alƙalamin ya gangaro daga kan tebur ya faɗi a siminti, da wata 'yar ƙara da ko kyanwa ba za ta firgita ba. Ihun Auta ne ya firgita gidan.

Alƙalamin roba ne baƙi, marar tawada, wanda take zane da shi a kan wani allo da ke haɗe da kwamfuta: ta ja layi a allon, layin ya fito a fuskar kwamfutar. Wata shida tana aika zane-zanenta ga masu buga littattafai kafin wani kamfani ya ba ta bangon littafin yara, da sharaɗin ta aika kafin ƙarfe huɗu na yammacin ranar. Ta gama raƙumin dawa, ta gama motar da yake tuƙawa, saura fuskokin fasinjoji. Ta goga alƙalamin a allo. Ko ɗigo bai yi ba.

"Na buga wa shago, sun ce sabo sai nan da mako biyu," in ji ta, idonta taf da hawaye. "Umma, na shiga uku."

Mahaifinta yana zaune a falo. Har yanzu unguwa Mai Agogo take kiransa, ko da yake shekara bakwai ke nan da ya rufe shago, tun da jama'a suka koma duba lokaci a waya, hannunsa kuma ya soma rawa. Daga lokacin, babban aikin da ake kawo masa shi ne buɗe murfin kwalba. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya nuna alhini, amma ƙafarsa ta riga ta shiga takalmi.

"Kawo mu gani."

"Baba, wannan fa ba agogo ba ne."

"Mutum ne ya haɗa shi ko aljani? A kashe fanka!"

Umma ta kashe fanka tana ƙunƙuni, domin ta san dokar: iska tana ɗauke ƙananan ƙusoshi. Ya jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, ya shimfiɗa farin ƙyalle a teburin cin abinci, ya jera hantsaki da sukudirebobi daga babba zuwa ƙarami, ya maƙala gilashin duba aiki a ido ɗaya. Har da wanke hannu. Umma ta ce ko ranar ɗaurin aurensu bai yi wannan shiri ba.

Ya zare bakin alƙalamin, ya ɓalle maɓallin gefe, ya murɗa gangar jikin a hankali har ta rabu. Duk abin da ya fito sai ya ajiye shi daga dama zuwa hagu, yadda zai mayar ba tare da ya tambayi kowa ba. Can ya ɗago kai.

"Ina batirin? Ya faɗi a ƙasa?"

"Ba shi da batir, Baba. Daga allon yake samun wuta."

Ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa yara, ya ci gaba. A ciki ya tarar da wata siririyar sanda baƙa kamar gawayi, an naɗe ta da wayar jan ƙarfe mai kaurin gashi. Sandar ta karye gida biyu, amma wayar ba ta tsinke ba. Ya yi wata dariya da gidan ya daɗe bai ji ba.

"Karaya ce kawai! Ɗori za mu yi. Umman yara, gam!"

Ya ɗiga gam da tsinin allura, ya haɗa bakin karayar, ya danne gwiwar hannunsa a tebur don ya hana rawa. Minti ashirin ya hana kowa tari. Da gam ya kama, sai ya mayar da kayan daga hagu zuwa dama, ya ɗaga alƙalamin ya kara a kunne, kamar yadda ya yi wa duk abin da ya gyara cikin shekara arba'in.

Shiru. Ya girgiza shi, ya sake karawa, shiru. Kafaɗunsa suka zube, ya cire gilashin daga ido.

"Bai tashi ba, Auta. Ki yi haƙuri."

Ta ɗauki alƙalamin jiki a sanyaye, za ta mayar da shi wurinsa. Tana kai shi kusa da allo sai wani ɗan ɗigo ya motsa a fuskar kwamfutar.

"Baba! Ya tashi! Wallahi ya tashi!"

"Ba ya bugawa fa."

"Malam," in ji Umma, "alƙalami ka taɓa ji yana bugawa?"

Bai kula ta ba, ya riga ya isa bayan kujerar Auta. Murna ba ta daɗe ba: tun alƙalamin bai taɓa allo ba yake zuba layi, har ya yi wa raƙumin dawa gashin baki. Auta ta dafe kai. Mai Agogo kuwa ya tafa hannu.

"Sauri yake yi! Wannan ai cutar da na sani ce. Duk abin da ke sauri yana da wurin saiti."

Suka sake buɗewa. A jikin ɗan koren falanki na ciki ya hango wata ƙusa da ba ta kai ƙwayar gero ba. Ya ɗauki ƙaramin sukudirebansa, ya kai, hannun ya kauce. Ya sake kaiwa, ya sake kaucewa. A karo na uku ya tsaya yana duban hannun, sannan ya juya marikin ya miƙa wa Auta. Umma ta buɗe baki, domin ko goge ƙurar akwatin nan ba a yarda ta yi ba.

"Hannun da ke zana gashin ido zai iya," in ji Mai Agogo. "Juya hagu, kaurin farce. Tsaya! Na ce farce, ban ce yatsa ba."

Ta mayar kaɗan, suka gwada. Layin ya daina fitowa sam. Suka ƙara rabin farce. Ta sauke alƙalamin a hankali, layi ya fito siriri, ta danna ya yi kauri, ta ɗaga ya tsaya cak. Auta ta yi tsalle har kujera ta kife, shi kuma ya yi hamdala da ƙarfi, ya ba da izinin a kunna fanka.

Ƙarfe ɗaya ta soma fuskokin. Ya zauna a gefe yana sanar da ita lokaci duk bayan minti goma, har Umma ta kore shi waje, ya koma sanarwa ta taga. Huɗu saura kwata ta aika. Kafin la'asar ta wuce amsa ta dawo: sun karɓa, suna kuma tambaya ko wane ne fasinjan kujerar gaba, tsohon nan mai gilashi a ido ɗaya da ya kara alƙalami a kunne.

Mai Agogo ya duba zanen da kyau, ya ce hancin ya yi tsawo. Sannan ya tambaya ko akwai wani abin da ya lalace a gidan, Umma ta ɗauke rediyonta ta shige ɗaki.