Sabuwar Maƙabartar Gidan Barmo

Tun da Barmo ya kafa ƙauyen nan kudu da Gazawa, ba a taɓa binne kowa a cikinsa ba. Duk wanda ya rasu, sai a ɗora shi bisa makara, a ƙetare korama, a kai shi tsohon garin da kakanni suka taso, can ɓangaren Nijeriya.

Shekarar da aka samu 'yancin kai, aka fara raɗe-raɗin jandarmomi za su tsare koramar, ko gawa sai da izini. Maigari Sabo ya sa aka share fili bayan bishiyar kuka, aka kewaye shi da ƙaya.

Tala ce ta fi kowa tsufa a garin, ga mijinta da 'ya'yanta biyu duk suna kwance a ƙetare. Tun ranar ko tari ba ta yarda ta yi gaban mutane.

Da safe Sabo ya leƙo gaishe ta. "Inna, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

"Yaushe ka fara damuwa da jikina?" ta ce. "Sabo, in kun aje ni bayan kukar nan, wa zan iske can?"