Amsoshin Des a Gwajin Magani

"Saka maɓallin riga yana ba ka wahala, Baba?" wata nas ta tambaya a asibiti.

"Ko kaɗan," in ji mijina Des, alhali ni na saka masa rigar da safe, ga hannunsa yana ta rawa a kan gwiwa.

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu. A gwajin sabon maganin ciwon makyarkyata, ta ce, abin da mai ciwo ya faɗa da bakinsa kaɗai ake rubutawa. Tambaya talatin, duk ya amsa lafiya lau. Mutumin da ya shekara arba'in yana sana'ar aske gashin tumaki a garin Cunnamulla, ya taɓa ƙarasa aikin yini da karyayyen haƙarƙari, shi ne zai yi wa nas sa'ar jikarsa ƙorafi?

A mota na ce, "Kai dai tsohon nan, ko a makara kake sai ka ce da sauƙi."

"Wasu sun fi ni shan wuya, Noelene. Ke dai dubi hanya."

* * *

Maganin ya karɓe shi. Cikin wata uku ya koma aske gemunsa da kansa, har wata safiya na jiyo shi yana yi wa kare fito. Na shige ɗakin wanki na sha kukana don daɗi. Da aka sake yi masa tambayoyin ya ce lafiya lau, wannan karon da gaskiyarsa.

* * *

Bayan shekara wasiƙa ta zo. Masu gwajin sun kwatanta amsoshin farko da na ƙarshe ba su ga bambanci ba, don haka an dakatar da maganin.

"Ba shi kaɗai ba ne," in ji nas ɗin a waya. "Mazan karkara kusan duk haka suka ɓoye mana ciwonsu tun farko."

Ƙwayoyin suka ƙare, rawar ta dawo. Na yi niyyar yi masa gori, tausayi ya hana ni.

Ran nan muna karin kumallo ya ce, "Ɗauko biro, 'yar tsohuwa. Rubuta musu cewa ƙarya na yi a amsoshin farko. Ki ce ko cokali ba na iya kaiwa baki."

Na rubuta, ko da yake na san an riga an rufe gwajin. Ya ce shi zai sa hannu da kansa. Na danne masa takardar, biron yana ta ƙwanƙwasa tebur don rawar hannunsa, har shayinmu ya huce.