Ranar da Za'afaran Zai Yi Fure

Duk wanda ya hau saman benen gidan su Maha a unguwar Mansur da ke Makka, gwangwanayen madara zai fara cin karo da su, jere a inuwar tankin ruwa. A cikinsu ta binne ƙwayoyin za'afaran, furen nan da ake ƙamsasa abinci da zarensa, masu kama da ƙananan albasa, waɗanda Rakan ya ba ta.

Rakan ɗan layinsu ne, tare suka taso. Aikin gona ya kai shi wani ƙaramin gari can kan duwatsun kudu, garin da ba a san shi da komai ba sai noman za'afaran. Ranar da zai koma, ta cije ta tambaye shi yaushe zai turo magabatansa. Sai ya miƙo mata ƙulli a leda, yana murmushin nan nasa.

"Ki shuka. Ranar da ya yi fure, ranar iyayena za su zo gidanku."

Maha ta ɗauki maganar da zuciya ɗaya. Kullum da safe sai ta hau ta duba. Ta yi musu rumfa da tsohuwar abayarta, wani lokacin har zamzam take yayyafa musu. Sanyi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Ganye siriri yakan leƙo, ya yi 'yan kwanaki, ya ƙone. Ta ce hannunta ne ba kyau, ta sake ƙasa. Hisham mai shagon turare ya aiko neman aurenta har sau biyu, ta ce a ba shi haƙuri. Mahaifiyarta ta yi faɗa har ta gaji.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar, Khala Ɗaso, ƙanwar mahaifiyar Rakan, ta shigo gaisuwa. Dawowarta ke nan daga wajensa, bakinta cike da labari. Ta ce gonakin garin sun koma shuni tun daga bakin hanya har gindin dutse, mata na fita tsinkar fure kafin rana ta taɓa shi, kowane fure zare uku ja kawai ake samu. Ta ce sanyin garin kuwa sai da ta kwana da safa.

Ta kurɓi gahawa, ta yi dariya. Ta ce ita ma kwaɗayi ya kama ta, ta roƙi Rakan iri ta zo ta shuka.

"Sai ya ce, haba Khala, a Makka? Zafi ne zai dafa shi a cikin ƙasa. Ko shekara goma kika yi kina ban ruwa ba zai yi fure ba."

Butar gahawa na hannun Maha. Ta ajiye ta a hankali, ta haye sama, ta kira Rakan a waya.

Ya ɗauka da fara'a, ya tambayi lafiyar shukarta kamar yadda ya saba. Ta ce masa Khala Ɗaso na ƙasa tana shan gahawa, kuma ta ba da labarin irin da ta roƙa.

"Ka sani tun ranar da ka ba ni?"

Tana jin iskar garin a cikin wayar lokacin da ya amsa.

"Na ɗauka za ki gaji ki zubar, Maha. Na kasa faɗa miki baki da baki."

Ba ta yi masa kuka ba, sai da ta kashe wayar. Ta durƙusa tana kifar da gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a ƙasar da ta tankaɗe da hannunta. Yawancin ƙwayoyin sun zama ɓawo, tana taɓawa suna murƙushewa. Guda ɗaya ce ta rage da nauyinta, tana da rai.

Ta wanke fuska, ta naɗe ƙwayar a ƙyalle, ta sauko. Khala Ɗaso na neman takalminta a bakin ƙofa.

"Khala, in za a koma, a kai masa wannan. A ce ya shuka ta a can, ita ba ta yi laifin komai ba."