Tsagar da Malama Kulu Ta Ɓoye

Duk unguwar Gyaɗi-Gyaɗi babu mai faɗa a kan zuwa asibiti kamar Malama Kulu. A islamiyyar matan aure, tana gama darasi za ta hau su: "Ki ji ƙululu a mama, ki kwashi jiki ki kai wa wanzami ya tsattsaga ki? Haba jama'a, ina hankali?"

To, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da ita ta ji nata ƙululun, ta je asibiti kam. Likita, Dakta Anas, ya ce a fara da hoton MRI, irin wanda ke duba motsin ruwa a cikin tsoka. In ciwon daji ne, wurin a cushe yake, ruwa ba ya samun hanya. In ƙululun banza ne, ruwa na yawonsa. In hoto ya fita tas, wataƙila ta tsira daga allurar ciro tsoka, wadda take tsoro kamar mutuwarta.

Aka sa mata rana. Jiran ne ya kayar da ita. Ta zumbula niƙabi ta tafi Darmanawa wajen wanzami, ya yi mata tsaga a kan ƙululun, ya cusa wani baƙin gari. Ko mijinta bai sani ba.

Ranar hoto a asibitin da ke Tarauni, wa za ta tarar a ɗakin na'urar? Nafisa, yarinyar da ta koyar tun daga baƙi har sauka. Nafisa ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, sannan ta karɓi ɗan kunne da fil ɗin mayafi, ta ba ta auduga ta goge kwalli, don na'urar ba ta shiri da ƙarfe.

"Malama, an taɓa sa wani abu a wurin?"

"Ni? Allah ya kiyaye."

Da ta zo kwanciya rub-da-ciki, riga ta buɗe. Ga tsaga nan a jere, baƙi ƙirin. Nafisa ta gani, ta kau da kai.

"Susa na yi," in ji Kulu, ba a tambaye ta ba.

"Allah ya sawwaƙe, Malama."

Na'ura ta hau ƙara kamar injin markaɗe. Can tsagar ta fara zafi. An ba ta abin matsawa a hannu ko da za ta ji wani abu, amma ta cije, ta ƙi matsawa. Wallahi gara ta ƙone da ta yi magana.

Da aka gama, Dakta Anas ya juyo mata da fuskar kwamfuta, Nafisa na tsaye a gefe. Daidai inda ƙululun yake, wani baƙin tabo ya shafe komai.

"Hajiya, na kasa ganin motsin ruwan. Wannan aikin garin ƙarfe ne a cikin fata. Ki gaya min gaskiya, rayuwarki ce."

Kulu ta dubi ƙasa, ƙasa ta ƙi tsagewa.

"Wanzami ne," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

Likita bai yi faɗa ba. Ya ce hoto dai ya lalace, ba zai iya cewa daji ne ko ba daji ba, sai an yi allurar.

Ta fito, Nafisa na biye da ita. A ɗakin canza kaya ta tsaya jiran abin da ya dace da ita: wani ɗan murmushi, ko kallon "ashe ke ma". Ita da take wa matan unguwa tsirara a gaban aji, ai ta san ranar biya ce ta zo.

"Nafisa, in kin ga ƙawayenki na makaranta…"

"Malama, abin da ya faru a ɗakin nan ba ya fita."

Yarinyar ta ɗauko mata takalma daga bakin ƙofa, ta durƙusa, ta juya mata su, ta jera a gabanta, ta tsaya a durƙushe tana jiran ta sa.

Kulu ta kasa ɗaga ƙafa. Da zaginta yarinyar nan ta yi, da ya fi mata sauƙi.