Mutum Nawa a Gidan Muntaka

Wace ƙarya ce ke kare mutum, wace ce kuma ke cutar da shi? Muntaka tela ya daɗe yana juya wannan tambaya, bai sami bakin zarenta ba.

Bara ne wata budurwa, Nuha, ta ƙwanƙwasa ƙofarsa a unguwar Kurayyat ta birnin Jidda. Haifaffiyar Jidda ce, Hausarta da ƙyar take fita, "Ammi" take ce masa, wato baffa da Larabci. Masu bincike ne suka aiko ta ta auna shirin unguwannin da ke kusa da teku, ko da guguwa za ta taso wata rana.

"Ammi, mutum nawa ke kwana a nan? Akwai wanda ba ya iya tafiya?"

"Mu uku ne. Kowa da ƙafarsa."

Bai ambaci yayarsa Saudatu ba, wadda ta zo umra shekara ashirin da suka wuce, ba ta koma ba. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ƙafafunta kuma sun daina ɗaukar ta. Tsoronsa a kama ta a mayar da ita gida, inda ba ta da kowa.

Abin da ya zo bana ma ba guguwa ba ce, ruwan sama ne na awa biyu. Yana shago a kasuwar Bab Makka, matarsa da 'yarsa sun fita. Masu agaji suka bi gidajen da aka rubuta akwai marasa ƙarfi, suka wuce nasa. Ya iske Saudatu ruwa har ƙugu, ta ɗaga carbinta sama kada ya jiƙe. Tun ranar tari bai sake ta ba.

Yau Nuha ta dawo da taswira.

"Mabruk, Ammi! Layinku kore ne. Ya'ani kun fi kowa shiri."

Muntaka ya ƙura wa koren layin ido. Ya san gida uku a layin da suka ba da amsa irin tasa.

"'Yata, takardar nan a hannun wa za ta ƙare?"

"Suna ba ma rubutawa, sai lambar gida. Amma wallahi ban sani ba."

Tari ya taso daga ɗakin ciki, muryar Saudatu ta biyo shi.

"Muntaka, ka ninke ni ka ɓoye kamar ragowar yadi. Ko kora, ko ruwa. Ni dai na ɗanɗana ruwan. Halas."

Nuha ta dubi labulen, ta dube shi.

Muntaka ya sunkuyar da kai.

"Gyara," ya ce. "Mu huɗu ne. Ɗaya sai an ɗauke ta."