Bokitin Mai Agogo

"Kwana nawa?" Sista ta sake tambaya, hannu ɗaya a kan ƙarfen gado, ɗayan a kan gwiwarta da ke zugi saboda saukowa daga bene.

"Yau huɗu," in ji surukar Mai Agogo, matar ɗansa. "Tun Talata bai tashi ba."

"Huɗu! To wa ke kifa bokitin a ƙofa?"

"Ni ce, Mama. Ai haka ake yi."

Sista ta sunkuya kan gadon. Ta kama wuyan hannun tsohon. Agogo bakwai ne a bangon ɗakin, na mutanen da suka kawo gyara suka manta, kowane da nasa lokacin, ta rasa wanda za ta ƙirga da shi. Ba ta ma bukata. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya. Ƙafafun tsohon sun kumbura, numfashin na fita da ƙara kamar ana jan tsohuwar durowa. Da ranar Talata ce, da ƙwaya biyu da allura sun isa.

Ta aika a kira mota, ta zauna, ta miƙe, ta buɗe taga, ta sake rufewa.

Maganar bokitin nan ita da tsohon kaɗai suka san tushenta. Shekara ashirin da shida ke nan, bayan rasuwar matarsa, ya faɗi a banɗaki ya kwanta nan har rana ta take. Daga nan Sista, da ke zaune a benen da ke kallon gidansa, ta tsiri buga masa ƙofa kullum da safe. Da ya gaji ya ce, "Baiwar Allah, ki bar ni in sha shayina. In na tashi lafiya zan kifa wannan shuɗin bokitin a ƙofa. Kin gan shi, ki yi zamanki. Ba ki gan shi ba, ki sauko da jakarki."

Shi ke nan fa. Amma mai kantin layin ya lura tsohon bai sake kwanciya ba, sai shi ma ya kifa nasa. Matar direba ta bi. Yaran da aka haifa a layin suka tashi suka tarar da shi, suka yi masa dokoki: sai shuɗi, sai kafin rana ta taɓa bango, kuma ba a tsallake shi. Wai yana hana ciwo shiga gida. Sista tana ji daga tagarta tana dariya har da hawaye. Ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Dariyar ta fi mata daɗi.

Tsohon ya buɗe ido. "Kin makara, likitar bene."

"Bokitinka ne ya yi mini ƙarya, tsohon kawai."

Ya so yin dariya, tari ya ƙwace ta. Surukar ta fita da sauri ɗebo ruwa. Wata uku ke nan da ɗansa ya kawo ta ta kula da shi, shi ya koma wurin aikinsa mai nisa.

"Ina jin ta tana fita da bokitin," in ji shi, "na kira, muryar ta ƙi zuwa."

"Yanzu zan gaya mata. Ita da duk 'yan layin nan. Roba ce fa, roba! Mutane da hankalinsu..."

Ya riƙe mata hannu. Yatsun da suka saba da ƙananan kusoshi har yanzu da sauran ƙarfinsu. "Kada ki gaya mata. Yarinyar nan ita ke juya ni, ita ke wanke ni. Kina so ta rayu tana cewa ita ta kashe ni?"

"To wa ya kashe ka?"

"Tsufa. Da bakinki da bai yi magana ba sai yau."

Sista ta kau da kai wajen agogunan.

Motar ta iso da yamma. Direban na neman yadda zai juyo da ita bakin ƙofa ba tare da ya taka bokitin ba, Mai Agogo ya cika. Allah ya jiƙansa.

Washegari Sista ta kasa zama. Ta ɗora ruwa ta manta da shi, ta share ɗaki sau biyu, ƙafarta na kai ta taga tana dawo da ita. Duk ƙofofin layin da bokitansu a kife, shuɗi bayan shuɗi, har ƙarshen layin. Ƙofarsa kaɗai ba komai.

Sai ga surukar ta hau benen, ido jawur, bokitin a hannu.

"Mama, mai kanti ya ce a kifa kwana bakwai. Matar direba ta ce a'a, a fasa shi. Ke kika fi daɗewa a nan. Yaya ake yi?"

Maganar ta zo wa Sista har bakin harshe. Ta haɗiye.

"Ba ni shi nan," ta ce. "Kin ga ni ma ni kaɗai ce, gwiwar nan kuma ba ta da amana. Kullum da safe ki ɗaga kai ki dubi tagata. Kin gan shi a kife, ki ci gaba da aikinki. Ba ki gan shi ba, ki hau, ko da ƙofar za ki ɓalle." Ta karɓi bokitin. "Kuma ba mai taɓa mini shi. Ni kaɗai zan riƙa kifawa, da hannuna."

Surukar ta dubi bokitin. Ta daɗe tana dubansa. Ta juya ta sauka a hankali, tana dafa bango.

Da gari ya sake wayewa Sista ta kifa shi a kan dakalin taga, ta koma baya kaɗan inda ba za a gan ta ba. Can ƙasa, surukar na tsaye a ƙofar gidan Mai Agogo da tsintsiya a hannu, kanta a ɗage. Sai da ta gani, sannan ta sunkuya ta fara shara.